Harajin da Ya Ɓuya Cikin Takarda

Duk farkon zangon karatu, uba kan karɓo jerin littattafai daga makaranta, ya shiga kasuwar Sabon Gari, ya fito da rabinsu a leda. In ya yi ƙorafi, mai shago ya ce, "Alhaji, ba laifinmu ba ne, takarda ce ta tashi." Kuma gaskiya ya faɗa.

A dokance, littafi ba ya biyan harajin VAT a Najeriya. Tun da aka fara karɓar harajin a 1994, kashi 5 cikin ɗari, aka keɓe littattafai da kayan karatu, kuma ko da aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a 2020 ba a taɓa su ba. Najeriya na kuma cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Florence ta UNESCO ta 1950, wadda ta hana karɓar kuɗin fito a kan littattafan da ake shigowa da su.

To, ta ina tsadar ke shigowa? Ta wajen takarda. Masana'antun takarda uku da gwamnati ta gina a Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da gazawa, don haka farar takardar buga littafi daga waje ake sayo ta da dala, ita da tawada. Su kuwa kwastan ba su yafe musu fito ba. Sai abin ya koma kamar almara: littafin da aka buga a Indiya ya shigo ba fito, amma mai ɗab'i a Zariya ko Kano ya biya fito kan takardar da zai buga irinsa. Shi ya sa manyan kamfanoni ke kai aikinsu waje, injinan gida na tara ƙura. Da naira ta faɗi a 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, sai littafi ya bi ta.

Akwai masu tsoron cewa in an yafe fito, 'yan kasuwa za su karkatar da takardar su cinye rangwamen. Tsoron na da tushe, amma maganinsa sa ido ne a kan masu ɗab'in da aka yi wa rajista.

Kiranmu ga 'yan majalisa da Ma'aikatar Kuɗi shi ne a cire fito daga takarda da tawadar buga littafi kafin wani zangon ya zagayo.