Jirgin Black Joke Da Bashin Da Ke Kan Masu Nazarin Hausa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mutumin Kazaure ko Roni, wanda babban ruwan da ya sani shi ne na dam, da jirgin yaƙin Ingila mai tafiya da iska? A matsayina na malamin harshe, ina ganin alaƙar ta fi yadda muke zato.

Asalin sunan jirgin Henriqueta, kuma aikinsa jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Bahia a ƙasar Brazil. A shekarar 1827 jirgin yaƙin Ingila mai suna Sybille ya kama shi ɗauke da bayi 569. Sai aka canza masa suna zuwa Black Joke, aka sa shi farautar tsofaffin abokan sana'arsa, domin ɓarawo shi ya san sawun ɓarawo. A 1829, da igwa biyu kacal, ya murƙushe El Almirante mai igwa 14, ya ceto mutum 466. A 1832 hukuma ta ce katakonsa ya ruɓe, aka ƙone shi.

Birnin Firitawun na Saliyo ake sauke waɗanda irin waɗannan jirage suka ceto, kuma akwai Hausawa a cikinsu. Daga bakin irinsu James Schön ya fara koyon Hausa, har ya buga littafin kalmominta a 1843. A can ne kuma Sigismund Koelle ya tattara kalmomin Kananci da Katsinanci cikin Polyglotta Africana na 1854.

To, wa ya kai su bakin teku? A zamanin ne ƙasarmu ke fama da yaƙe-yaƙe, ciki har da gwabzawar Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure, da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Ganimar yaƙin wancan lokaci kuwa ta haɗa da mutane, wasunsu fatake suka gangara da su kudu.

Muna haddace wa ɗalibai sunan Schön da Koelle, amma ba ma ambaton bayin da suka ba su kalmomin. Ina kira ga sassan Hausa da na Tarihi a jami'o'inmu da su sa wannan babi cikin manhaja, yaran Babura da Gwiwa su san cewa ƙamus ɗin da ke hannunsu yana da tushe a cikin jirgin bayi.