TSEREN MOTOCIN DA BA SU SHAN MAI

Idan aka ce mota za ta yi tafiya mai nisan Kano zuwa Ikko har sau uku, ba tare da an zuba mata man fetur ko kwalba ɗaya ba, da yawa cikinmu za su ce wannan tatsuniya ce. Amma akwai wani tsere da ake yi a ƙasar Ostareliya inda haka ke faruwa. Motocin da ke shiga ciki da hasken rana suke tafiya. Abin da ya fi ba da mamaki kuwa shi ne, yawancin masu ƙera su 'yan makaranta ne, samari da 'yammata na jami'a, waɗanda ba su riƙe takardar shaidar gama karatu ba tukuna. Ya kamata iyaye da malamai su ji labarin nan, gama ya shafi tambayar da ke damun kowane gida mai yara: wane irin karatu ne zai ba ɗana abin yi gobe?

MAFARIN ABIN

Wani mutum mai suna Hans Tholstrup, haifaffen ƙasar Danmak da ya zauna a Ostareliya, shi ne ya haƙa harsashin tseren. A ƙarshen 1982, shi da abokin aikinsa Larry Perkins suka tashi daga birnin Perth da wata 'yar mota mai rufin faifan sola, suka ratsa ƙasar daga yamma zuwa gabas, suka isa Sidni a farkon 1983 bayan wajen kwana 20. Da ya ga abin ya yiwu, sai ya gayyaci duniya ta zo a gwada. A 1987 aka yi tsere na fari, wanda ake kira World Solar Challenge, daga Darwin a bakin tekun arewa zuwa Adelaide a kudu, tafiyar kilomita wajen 3,000.

A wannan karo babban kamfanin motoci na Amurka, General Motors, shi ya ci, da motarsa Sunraycer, wadda ta yi gudun kilomita 67 a awa idan aka raba tafiyar duka. Abin da suka koya a nan shi ya kai su ga ƙera motar lantarki mai suna EV1, wadda ta fito a 1996. Da tafiya ta yi tafiya, manyan kamfanoni suka ja baya, fili ya koma hannun jami'o'i. A 2001 ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holan suka zo karo na fari da motarsu Nuna, suka kuwa ci. Suka sāke ci a 2003, da 2005, da 2007. A 2005 matsakaicin gudunsu ya wuce kilomita 100 a awa, har masu shirya tseren suka tsananta dokoki, suka rage faɗin faifan da aka yarda a ɗora wa mota.

YADDA AKE TSEREN

Ba a fili mai shinge ake yinsa ba. A kan babbar hanya ake yi, wadda ta bi ta tsakiyar hamada, ta Alice Springs da Coober Pedy, tare da manyan tireloli masu jan wutsiya uku da sauran matafiya. Ana tashi ƙarfe 8 na safe, a tsaya ƙarfe 5 na yamma. Inda ƙarfe 5 ya same ku, nan za ku kafa tanti ku kwana, ko da tsakiyar daji ne. Da yamma da kuma asuba, ɗalibai sukan karkata faifan ya fuskanci rana, domin batir ya sami ɗan abin da za a fara tafiya da shi.

Ƙarfin da irin wannan mota ke samu kaɗan ne ƙwarai. A tseren 2017 an yarda da faifai mai faɗin murabba'in mita 4 kawai. Da rana tsaka wutar da yake bayarwa ba ta fi wadda dutsen guga na lantarki ke ci ba. Da wannan 'yar wuta za a ja mota da direba cikin gudun da ya kai na motar haya. Saboda haka dole a ƙididdige kome. Jikin motar sai ya zama sumul kamar kifi, domin iska ita ce babbar abokiyar gāba idan ana gudu. Nauyinta sau da yawa ba ya kai kilo 200. Tayoyinta sirara ne. Direban da bai kai kilo 80 ba akan ƙara masa nauyi a mota, domin kada wata ƙungiya ta ci riba da ƙaramin direba.

A bayan motar tseren akwai wata mota da ke biye, cike da kwamfuta. A ciki ne masu lissafi suke zaune, suna duban gajimare da iska da hawa da gangara, suna faɗa wa direba ta rediyo gudun da zai riƙe. In ya yi sauri da yawa, batir ya ƙare kafin yamma. In ya yi sanyi, a wuce shi. A nan ne lissafin da yaro ya yi ta gunaguni a kansa a aji yake zama maganar ci ko faɗuwa.

ABIN DA ALLO BA YA KOYARWA

Kwana biyar ko shida ake yi a hanya, amma shirin yakan ci fiye da shekara guda. A Delft da Eindhoven ɗaliban sukan ajiye karatun aji na wajen shekara, su ba da kansu ga aikin motar. Su ne za su zana ta, su gwada siffarta, su haɗa batir, su ja wayoyi, su nemi kamfanonin da za su taimaka da kuɗi da kaya, su shirya jigilar ta zuwa wancan gefen duniya.

A jarrabawa, wanda ya sami 70 cikin 100 ya yi ƙoƙari, har a ba shi kyauta. Amma motar da aka haɗa 70 cikin 100 na wayoyinta daidai ba za ta motsa daga inda take ba. Wannan shi ne darasi na fari. Na biyu shi ne lokaci. Ranar tashi daga Darwin ba ta jiran kowa, ba a roƙon malam ya ƙara mako guda. Na uku shi ne zama da mutane. Mai zanen jiki yana son mota siririya, mai batir yana neman wuri, direba yana so ya sami inda zai miƙe ƙafa ya sha iska. Duk suna da gaskiya, motar kuwa guda ɗaya ce. Sai sun koyi jayayya ba tare da faɗa ba, kowa ya kawo hujjarsa da lamba, a gwada, a bi abin da gwaji ya nuna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

INA SUKA TAFI BAYAN MAKARANTA?

A Amurka ma ana irin wannan tsere. A 2003 ɗaliban Jami'ar Stanford suka gama wani da aka yi daga Shikago zuwa kusa da Los Anjelas, suka sauka gidan wani abokinsu, tsohon ɗalibin jami'ar, mai suna J. B. Straubel. Cikin hirarsu ta dare suka yi ta zancen batir irin na litiyam, wanda ake sa wa kwamfutar hannu, da yadda ya inganta. Suka ga cewa idan aka haɗa dubbansu wuri ɗaya, za su iya jan mota tafiya mai nisa ko babu faifan sola. Straubel ya riƙe wannan tunani. A 2004 ya shiga wani ƙaramin kamfani sabo mai suna Tesla, ya zama shugaban sashen fasaharsa har 2019. A 2017 kuma ya kafa Redwood Materials, kamfanin da ke ciro ƙarafa masu daraja daga tsofaffin batura domin a sāke aiki da su.

Wani daga cikin 'yan ƙungiyar motar rana ta Stanford, Gene Berdichevsky, shi ne ma'aikaci na bakwai da Tesla ya ɗauka. Ya yi aikin batirin motarsu ta fari, Roadster, wadda ta fito a 2008. A 2011 shi da abokansa suka kafa nasu kamfanin, Sila, mai neman inganta kayan cikin batir. Abin lura a nan shi ne, sa'ad da sabuwar sana'a ta ɓullo, babu tsofaffin gwanaye da za a ɗauka. Waɗanda suka riga suka ƙona yatsunsu wajen haɗa batir a garejin makaranta, su aka nema.

A Holan kuwa, ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Eindhoven suka ce motar mutum ɗaya ba ta amfani iyali. Sai suka ƙera Stella, mai ɗaukar mutum huɗu, suka ci sashen motocin iyali na tseren a 2013, suka sāke ci a 2015, da 2017, da 2019. A 2016 biyar daga cikin tsofaffin 'yan ƙungiyar, har da Lex Hoefsloot, suka kafa kamfanin Lightyear domin su ƙera motar rana ta sayarwa.

BA KULLUM AKE CI BA

Labarin Lightyear bai tafi yadda suka so ba. Motarsu ta fari an sa mata kuɗi Yuro 250,000, aka fara ƙera ta a ƙasar Finlan a ƙarshen 2022. A watan Janairu na 2023 aka dakatar da aikin, kuɗi ya ƙare, kotu ta ce reshen kamfanin mai ƙera motar ya karye, ma'aikata da yawa suka rasa aikinsu. Daga baya aka sāke tashi da mutane kaɗan, aka juya ga yin faifan sola domin motocin waɗansu kamfanoni. Ƙera mota ɗaya mai cin tsere wani abu ne, ƙera dubu da talaka zai iya saye kuwa wani abu ne dabam, kuma gasa ba ta koyar da shi duka.

A hanya ma akan sha wuya. A 2019 motar Delft tana kan gaba a ranar ƙarshe, saura ƙasa da kilomita 300 ta isa Adelaide, sai ta kama wuta. Direba ya fita lafiya, amma aikin fiye da shekara ya zama toka a gefen titi, ɗaliban Luben na ƙasar Beljiyam suka ci. Duk da haka jami'ar ba ta daina ba, waɗansu ɗalibai suka karɓi aikin, suka ƙera wata. Saurayin da ya ga irin wannan rana yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya kuma zauna ya bincika dalili, ya sami abin da zai riƙe shi ranar da babban aiki ya lalace a hannunsa.

Sai dai mu yi adalci. Waɗanda ke shiga irin wannan gasa dā ma masu ƙwazo ne, wataƙila da sun yi fice ko babu ita. Kuma abu ne mai cin kuɗi da lokaci, ɗalibin da bai yi hankali ba sai ya bar karatunsa ya lalace. Gasa ba ta ɗauke wa kowa wahalar koyon lissafi da kimiyya. Tana dai nuna masa amfaninsu, ta haɗa shi da abokan aiki, ta ba shi abin da zai nuna ranar neman aiki ban da takarda.

MU FA?

Abin bai tsaya a ƙasashen Turawa ba. Akwai wata gasa, Shell Eco-marathon, inda ake neman motar da za ta fi nisa da mai mafi ƙanƙanta. A shekarun 2014 da 2015 ɗalibai daga Jami'ar Legas, da Jami'ar Benin, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun shiga cikinta, har aka kai motocin da 'yan Nijeriya suka ƙera birnin Rotterdam. A makarantun sakandare da yawa kuma akwai ƙungiyar JETS ta ƙananan injiniyoyi da masu kimiyya. Rana kuwa, wadda waɗancan suke ƙetare teku su nema, mu a bisa kanmu take kwana ta tashi.

Kowace unguwa tana da yaron nan da ke ƙera mota da kara ko gwangwanin madara, ya yanka tsohon silifa ya yi mata taya. Akwai yarinyar da ba ta barin tocila sai ta buɗe ta ga abin da ke ciki. Sau da yawa abin da suke samu daga gare mu tsawa ce: “Bar wasan banza, ɗauki littafinka!” Littafi wajibi ne, amma hannun nan ma baiwa ce. Maimakon tsawa, uba ya ba shi rediyon da ya riga ya mutu, ya ce ya buɗe, ya faɗa masa sunan abin da ya gani. Lokacin hutu a kai shi wurin amintaccen bakanike ko mai gyaran lantarki. A gargaɗe shi sosai kada ya taɓa wutar gida ko ya fasa batir. 'Ya mace kuma kada a ce wannan ba nata ba ne, gama a ƙungiyoyin da muka ambata akwai mata masu zane, da masu lissafi, da direbobi.

Malamai kuma ba sai mun jira kuɗi daga waje ba. A raba aji ƙungiya ƙungiya, mutum huɗu ko biyar. A ba kowace kaya iri ɗaya, misali kara ashirin da zare, a ce su gina gada tsakanin tebur biyu, a ga wadda za ta ɗauki bulo mafi yawa. Ko a ba su kwali da takardar azurfa da gilashi, a ga murhun ranar da zai fara ɗumama kofin ruwa. A sa rana, kada a ɗaga. Kowace ƙungiya ta zana abin da za ta yi tun kafin ta fara, ta rubuta abin da ta kashe. Bayan gasa, waɗanda gadarsu ta karye su tsaya gaban aji su bayyana inda ta fara karyewa da dalili, a tafa musu kamar yadda aka tafa wa waɗanda suka ci. A gayyaci iyaye su zo kallo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wa ya sani ko mai gadar karan nan shi ne zai gina wadda jikokinmu za su bi su ƙetare kogi?