Titin Katsina: Hanyar da Kano Ke Fuskantar Arewa

Yau shirinmu na musamman zai bi Titin Katsina ne, wanda ya tashi daga cikin birnin Kano, ya ratsa Kurna da Rijiyar Lemo da Dawanau, ya miƙe Bichi, Tsanyawa, Kankiya, har Katsina, birnin Dikko, tafiyar kilomita kusan 170. Daga can kuma Jibiya, sai Maraɗi.

Tun kafin a san kwalta ƙafar raƙumi ta share wannan hanya. Azbinawa kan sauko da kantun gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da fatu da turkuɗin Kura. Madugu na shugabantar ayari, jagaba na gaba, a kwana zango-zango, a biya kuɗin fito a ƙasar kowane sarki. Ta nan Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo daga Katsina, ya ratsa Kusada da Bichi, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300.

Amma fa, masu sauraro, a da can Katsina ce ke riƙe da ragamar cinikin Sahara. Kanawa da Katsinawa sun daɗe suna gwabzawa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma a ganina rigimar ba ta rasa nasaba da wanda zai karɓi baƙin arewa. Jihadi ne ya raba gardamar. Da Katsina ta faɗi a 1807, zuriyar tsohuwar sarauta ta koma Maraɗi, daga can suka riƙa kawo hari shekara da shekaru. Fatake kuwa ba sa son ƙarar kibiya. Larabawan Gadamas da attajirai da yawa suka tattara komatsansu suka koma Kano, kasuwar Kurmi ta ƙara cika.

Sai ga jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cikin 'yan shekaru ciniki ya juya kudu, gyaɗa ta kama hanyar Ikko, dalar gyaɗar Alhassan Ɗantata ta tashi. Turawan Ingila da na Faransa kuma sun riga sun ja iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, suka raba dangi gida biyu. Raƙuma suka ragu, manyan motoci suka gaje su.

Hatsi ne ya dawo wa titin da martabarsa. Kasuwar Dawanau, wadda ta kafu a tsakiyar shekarun 1980, yau ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin abinci na Afirka ta Yamma. Je ka da hantsi ka ga tireloli jere, 'yan dako na sauke waken Nijar, dillalai na cinikin riɗi da zoɓo da citta waɗanda za su ƙetare teku, masara da garin kwaki kuma na lodi zuwa arewa. Nan za ka ji Hausar Damagaram da ta Gobir suna cuɗanya da ta Kanawa a bakin buhu ɗaya.

Shi ya sa duk abin da ya taɓa iyaka, Dawanau ce ke fara jin sa a jiki. An rufe iyakokin Najeriya a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake datsewa, motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya, albasa na ruɓewa a cikinsu.

Yanzu ana shimfiɗa layin dogo na kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Sai dai shi ta Kazaure da Daura zai bi kafin ya shiga Katsina. Direbobin Titin Katsina da masu sayar da abinci a tashoshin Bichi da Kankiya sun zuba ido su ga kayan da zai ɗauke musu.