Me Ya Sa Hoton Doki A Guje Yake Fitowa Dishi-Dishi?

 Hirarmu ta yau ta masu kyamara ce, musamman matasan da ke neman na kansu da ɗaukar hoto a hawan sallah ko a filin ƙwallo.

Mu ɗauki jahi a Hawan Daushe na Kano. Mahaya sun sako dawakai a guje, ka danna, ka duba: fuskokin 'yan kallo na baya sun fito tar, dokin kuwa dishi-dishi. Kuma babu mai maimaita maka wannan sukuwar sai wata sallar.

To me ya faru? Dokin da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 11 a daƙiƙa ɗaya. In kyamara ta yi jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa tsakanin saita fokos da ɗauka, dokin ya riga ya matso fiye da mita guda. Ka ga ta saita wurin da ya baro ke nan.

Hanya biyu kyamara ke bi wajen saita fokos da kanta. Ta farko lalube ce: tana tura gilashin gaba da baya har ta ga inda hoton ya fi fitowa sarai. Ta biyu tana kwatanta hasken da ya shigo ta gefe biyu na gilashin, nan take ta gane ta ina za ta juya, kuma da nawa. Wannan ta biyun ita ce mai sauri, ita ake so ga abu mai gudu.

Amma ni a ganina matsalar ta fi yawa a saiti. In ka bar kyamara a AF-S, ko One Shot a Canon, da zarar ta kama sai ta kulle. Mayar da ita AF-C a Nikon da Sony, ko Servo a Canon. A nan tana bin dokin, har tana hasashen inda zai kai lokacin da za ta ɗauka. Ka fara bin sa tun daga nesa don ta samu damar auna gudunsa.

Kada kuma ka manta da saurin ɗauka. Fokos daban, shi daban. Sa shi 1/1000 ko sama, in ba haka ba ko fokos ya zauna daidai, motsi zai shafe ƙafafun.

Ƙura ma na rikita ta, domin tana dusashe bambancin launi. In ta turnuƙe, saita fokos a wurin da ka san dokin zai ratsa, ka jira shi, ka ɗauka a jere. Ko mai waya zai iya wannan dabarar.

Ku gwada da masu babur a unguwa kafin ranar hawa ta zo. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.