Ma'anar Kalmar "Clear" Da Yadda A Ke Aiki Da Ita

Ya kai mai karatu, ga wata kalma ta Turanci wadda ya kamata ka riƙe, watau "clear". Ana faɗinta kusa da "kiliya". Asalinta daga Latin ne, inda "clarus" ke nufin abu mai haske. Ta bi ta bakin Faransawa ta shiga Turanci, bayan da mutanen Nomandi suka ci Ingila da yaƙi a 1066.

Tushen ma'anarta ɗaya ne: abin da babu wani abu da ya tare shi. Ruwan da ya kwanta garau har kana hangen yashin ƙasa, "clear" ne. Haka sararin sama in hadari ya washe, da rubutun da ya fito raɗau, da maganar da a ke ganewa sarai.

Ana kuma aiki da ita wajen kawar da abin da ya tare. Manomi in ya yi sassabe, da mai bashi in ya biya duka, da wanda alƙali ya wanke daga zargi, duk wannan kalma Turawa su ke sa musu. A yaƙin 1939 zuwa 1945, in jiragen Jamus sun wuce, akan busa jiniya a Landan, alamar "all clear", watau hatsari ya kau, kowa ya fito. Daga gare ta ne kuma direbobinmu suka sami "kiliya", in mota ta ratse gefe ta ba da hanya.

Amma ka yi hankali da abu biyu. Na fari, kada ka gama ta da "clean", wadda ke nufin tsabta. Ruwa yakan yi garau, alhali kuwa da ƙwayoyin cuta a ciki waɗanda ido ba ya gani. Sai an tafasa shi.

Na biyu, in likita ko shugabanka wurin aiki ya yi maka bayani, sa'an nan ya ce, "Is it clear?", tambayarka ya ke yi ko ka gane. Mutane da yawa kunya kan sa su amsa "Yes", su tafi su sha magani ba bisa ƙa'ida ba, ko su ɓata aiki. In ba ka gane ba, ka ce, "It is not clear," ya sake maka. Ba abin kunya ba ne, gama matambayi ba ya ɓata.