Bin Sawun Fitilun Bakin Tafki, Daga Port Huron Zuwa Split Rock

Idan aka ce tafki, abin da ke zuwa a rai shi ne ruwan da ake hango gaɓarsa ta ƙetare. Manyan tafkuna biyar da ke yankin iyakar Amurka da Kanada, wato Superior, Michigan, Huron, Erie da Ontario, sun wuce nan. Su ke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwa mara gishiri da ke kwance a doron ƙasa, kuma Superior kaɗai, mai murabba'in kilomita kusan 82,000, ya ɗara Jihar Neja faɗi. Ruwa irin wannan yana da igiya, yana da guguwa, yana cin jirage. Shi ya sa jihar Michigan, wadda ba ta iyaka da teku, ta fi kowace jiha a Amurka yawan hasumiyoyin fitila masu nuna wa jiragen ruwa hanya, sama da 120.

Da lokacin zafi ya kama, jama'a sukan cika mota su bi gaɓa suna zagaya su. Da yawa hoto ne ke kai su. Amma wanda ya tsaya ga hoto ya yi asarar tafiyar, domin babu hasumiyar da aka gina don ado. Kowacce tana tsaye ne a inda dukiya ke wucewa kuma ruwa ya saba cin mutane.

A faro daga Port Huron, inda tafkin Huron ke zubewa cikin kogin St. Clair. Nan hasumiyar Fort Gratiot take, wadda ta girmi duk sauran na jihar. An fara gina ta a 1825, shekarar da aka buɗe mashigin Erie da ya haɗa tafkunan da New York. Ginin farko aikin ha'inci ne, bai jima ba ya rushe, aka sake wani a 1829.

Daga nan sai a miƙe arewa har Mackinaw City, inda Huron da Michigan suka haɗe. A nan tarihi ya taru wuri guda. Ga sansanin Michilimackinac da Faransawa suka kafa wajen 1715 don cinikin fatu da 'yan asalin ƙasar, ga tsibirin Mackinac da ya haramta mota tun 1898, har yau keken doki da keke ake hawa. Hasumiyar Mackinaw City ta 1892 kuwa, gada ce ta kashe mata kasuwa: da aka buɗe gadar Mackinac mai tsawon kilomita 8 a 1957, fitilunta suka wadatar da matuƙa.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a duba a irin waɗannan wurare shi ne gilashin fitilar. Bafaranshe Augustin Fresnel ne ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1820: zobba ne na gilashi da aka jera hawa-hawa kewaye da wuta ɗaya, suna tattara hasken da zai watse su harba shi can nesa a miƙe. Kowace hasumiya da salon ƙiftawarta, ta yadda matuƙi cikin dare zai ƙirga tazarar walƙiyar ya gane inda yake. Bayan wannan kuwa akwai mutum. Shi ke hawa da kananzir kan matattakala, ya gyara lagwani, ya goge baƙin hayaƙi, ya ɗaure na'urar da ke juya gilashin sau da yawa kafin gari ya waye. Idan hazo ya rufe, sai ya koma kan jiniya. Har mata sun yi aikin. Elizabeth Whitney Williams ta karɓi fitilar tsibirin Beaver a 1872 bayan mijinta ya nutse wajen ceton wasu, ta kuma ci gaba da tsaron fitila har 1913.

An haye gadar Mackinac, sai Sault Ste. Marie, inda ruwan Superior ke gangarawa zuwa Huron. Superior ya fi Huron tudu da mita shida da 'yan kai, don haka a 1855 aka gina ƙofofin ruwa: jirgi ya shiga, a rufe, a cika ko a rage ruwa har ya daidaita da na gaba. Ta nan tama da tagullar arewa suka sami hanyar zuwa masana'antun kudu, kuma har gobe mutum zai iya tsayawa ya ga jirgi mai tsawon mita 300 yana ɗagawa a hankali.

Hasumiyar Whitefish Point, wadda aka fara kunnawa a 1849, ita ce wurin da dariya ke ɗaukewa. Ranar 10 ga Nuwamban 1975 jirgin Edmund Fitzgerald, maƙare da tama, ya nutse kimanin kilomita 27 daga nan da mutum 29, ba wanda ya tsira. A daren guguwa ta katse lantarkin hasumiyar na wani lokaci. An ciro ƙararrawar jirgin a 1995, tana gidan tarihin da ke wurin.

Mai sauran ƙarfi sai ya nausa yamma, ya wuce Duluth ya hau babbar hanya ta 61 zuwa hasumiyar Split Rock a Minnesota. Guguwar Nuwamban 1905, wadda ta yi wa jirage kusan 30 illa, ita ta sa aka gina ta a 1910 bisa dutse mai tsayin mita 40. Lokacin ba titi, ta ruwa aka kawo kayan gini ana janyo su sama da ƙugiya. An daina aiki da ita a 1969.

Yau na'urar GPS da lantarki sun raba masu tsaron da aikinsu, gwamnati kuma ba ta son ɗawainiyar ginin da ba ta buƙata. Wata doka ta shekarar 2000 ta ba da damar miƙa su ga ƙungiyoyi da ƙananan hukumomi, wadda ba ta sami mai so ba a yi gwanjonta. Kuɗin shiga da baƙo ke biya shi ke sayen fenti da gyaran rufi, kuma yawancinsu daga Mayu zuwa Oktoba kawai suke buɗewa, kafin ƙanƙara ta sauko.