Yadda na'urar auna zafi maras waya ke kare magani a gida

Na'urar auna zafi maras waya tana aiki da batir, inda take aika ma'aunin zafin ɗaki ko na firji zuwa babbar na'urar da ke sarrafa kayan lantarkin gida, ta Wi-Fi ko Zigbee, wanda ya fi tattalin batir.

Amfaninta ya fi bayyana wajen ajiyar magani. Insulin da ba a buɗe ba yana buƙatar digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Selshiyos. Da zarar zafin firji ya haura haka, gargaɗi zai shiga wayar mai gida.

Sai dai idan aka ɗauke wuta, babbar na'urar da ta intanet kan mutu, saƙon kuma ba zai fita ba. Don haka wajibi ne a haɗa su da inbata ko batirin ajiya.